Hasumiyar Hatteras: Ginin da Aka Ja da Baya Don Ya Tsira

  

Batun da zan yi magana a kai yau shi ne tarihin wata hasumiyar fitila da ke bakin Tekun Atlantika, a tsibirin Hatteras na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, da kuma abin da mai ziyara zai tarar a wurin a yau. Hasumiyar fitila doguwar hasumiya ce da ake ginawa a gaɓar teku, a ɗora mata fitila mai ƙarfi a ƙololuwa, domin matuƙan jiragen ruwa su gane inda suke da dare, su kauce wa wuraren haɗari. Irinsu suna da yawa a duniya. Abin da ya sa na zaɓi ta Hatteras shi ne a shekarar 1999 an ɗaga ta ɗungurungum, da nauyinta na tan 4,830, an matsar da ita mita 884 daga inda aka gina ta. An yi kusan shekara ashirin ana jayayya kafin a kai ga haka, har yau ma akwai masu ganin an ɓata tarihi. Ni ra'ayina shi ne an yi daidai, kuma matsar da ita shi ne mafi riƙon amana ga waɗanda suka gina ta. Zan kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, in kawo na masu suka, sannan ku yi hukunci.

Na ɗaya, sai mun fahimci wurin kafin mu fahimci ginin. A gabashin Karolina ta Arewa akwai jerin tsibirai sirara, dogaye, waɗanda duk yashi ne, babu dutse ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Sun yi wa ƙasar shinge tsakaninta da babban teku. A daidai ƙauyen Buxton tsibirin Hatteras ya yi gwiwa, ya kutsa cikin ruwa, daga bakin gwiwar kuma tuddan yashi suka miƙa a ƙarƙashin ruwa fiye da kilomita 15. Waɗannan tuddan, da ake kira Diamond, ba a wuri ɗaya suke zama ba. Guguwa ɗaya takan sauya musu fasali. A nan kuma ruwa biyu suke gamuwa: ruwan ɗumi mai gudu da ke fitowa daga mashigin tekun Meksiko ya nufi arewa, da ruwan sanyi da ke gangarowa daga wajen Labrador. A zamanin jiragen da iska ke turawa, mai zuwa arewa yana so ya hau ruwan ɗumin don ya ƙara masa sauri, mai zuwa kudu kuwa yana raɓar gaɓa don kada ruwan ya mayar da shi baya. Dukansu biyun sai sun bi ta kusa da tuddan yashin. To, me zai faru idan dare ya yi, hadari ya haɗu, ga gaɓa shimfiɗaɗɗiya da babu tsauni ko wata alama da matuƙi zai gane? Masana tarihin yankin suna lissafa jirage sama da 2,000 da suka nitse ko suka kafe a tsawon waɗannan tsibirai, shi ya sa ake yi wa wurin laƙabi da maƙabartar Atlantika. Jirgin yaƙin nan mai sulken ƙarfe na Yaƙin Basasar Amurka, Monitor, a nan guguwa ta nitsar da shi a ranar ƙarshe ta shekarar 1862. Akwai kuma wani abu da nake so ku riƙe, don a kansa dukan maganata ta rataya: su kansu tsibiran tafiya suke yi. Teku yana cin gefensu na gabas, guguwa tana kwasar yashi ta watsa shi yamma, a hankali tsibirin yana ja da baya zuwa wajen ƙasa. Haka yake yi tun kafin a aza tubali ɗaya a kansa.

Na biyu, tarihin ginin. Majalisar Dokokin Amurka ta amince a gina hasumiya a Hatteras a 1794, aka kunna fitilarta a 1803. Ta dutse ce, tsayinta mita 27, tana ƙona man da ake tacewa daga kitsen manyan dabbobin teku. Ba ta biya bukata ba. Ta yi gajarta, haskenta ba ya kaiwa ƙarshen tuddan yashin, da rana kuma launinta yana sajewa da gaɓa. A 1851 wani hafsan sojan ruwa, David Porter, ya rubuta rahoto yana cewa wannan ce fitila mafi muhimmanci a gaɓar ƙasar, kuma ita ce mafi muni a duniya. Bayan an kafa hukumar kula da hasumiyoyi a 1852 aka ƙara mata tsayi zuwa mita 46, aka saka mata gilashi irin wanda Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya ƙirƙiro. Bari in ɗan tsaya a kan gilashin, don shi ne ya canza aikin hasumiyoyi a duniya baki ɗaya. Harshen wuta yana watsa haskensa ko'ina, sama da ƙasa da baya, mafi yawansa ya tafi a banza. Fresnel ya jera ɗaruruwan yankakkun gilasai a zagaye da wutar, kowanne da kusurwarsa, suna tanƙwara hasken su tattara shi ya fita a miƙe zuwa teku. Da haka fitilar mai guda ɗaya take iya kaiwa nisan kilomita 30. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1861, mutanen kudu suka cire gilashin suka ɓoye, don kada jiragen arewa su amfana da shi.

Bayan yaƙin aka ga gyaran tsohuwar hasumiyar ya fi gina sabuwa wahala. Aka ɗora aikin a hannun wani magini, Dexter Stetson, ya fara a 1868. Matsalar farko da ya ci karo da ita ita ce harsashi. Ya so ya kafa turaku, yashin ƙasa ya yi tauri suka ƙi shiga. Sai ya haƙa rami, ya tarar da ruwan daɗi a ƙasa, ya shimfiɗa katakan itace a gicciye a cikin ruwan, ya ɗora manyan duwatsu a kansu, sannan ya tayar da gini. Ya san katako ba ya ruɓewa muddin yana nitse cikin ruwan daɗi, iska ba ta taɓa shi. Dabarar ta riƙe hasumiyar shekara 129. An ci jan bulo wajen 1,250,000, aka kashe kimanin dala 167,000, aka kunna fitila a watan Disamba na 1870, aka rushe tsohuwar a farkon 1871. Tsayin sabuwar mita 60 ne, wato kusan ninki huɗu na Hasumiyar Gobarau ta Katsina, kuma har yau babu hasumiyar fitila ta bulo da ta kai ta tsayi a Amurka. A 1873 aka yi mata fentin da aka san ta da shi, baƙi da fari suna murɗawa daga ƙasa zuwa sama. Fentin aiki yake yi. Maƙwabciyarta ta tsibirin Bodie tana da ratsi a kwance, ta Lookout tana da zane mai kusurwa huɗu, ta Currituck an bar ta da jan bulonta, saboda matuƙi ya kalla da rana ya san a ina yake. Da dare kuma tazarar walƙiyar kowace fitila ce take gaya masa. Masu tsaron fitilar suna zaune da iyalansu a gidaje biyu a gindinta, suna hawa da mai a hannu, su goge gilashi, su ɗaga nauyin da ke juya shi, har aka sa lantarki a 1934. Na ƙarshe cikin shugabanninsu shi ne Unaka Jennette. Lambar da ta fi kowace muhimmanci a wannan sashe ita ce wannan: ranar da Stetson ya gama aikinsa, tsakanin hasumiyar da bakin ruwa akwai kimanin mita 460.

Na uku, abin da aka gwada kafin a kai ga matsarwa. A nan zan ɗan daɗe, domin masu suka sukan yi magana kamar an yi gaggawa. Zuwa tsakiyar shekarun 1930 igiyar ruwa ta fara isowa gindin hasumiyar. A 1936 aka kashe fitilarta, aka mayar da haske kan wata hasumiyar ƙarfe a cikin dajin Buxton, ginin ya zauna babu mai tsaro. A cikin shekarun nan ne masu neman abin tunawa suka riƙa ɓalle gilasan Fresnel suna tafiya da su. Matasan da gwamnati ta ɗauka aiki a lokacin karayar tattalin arziki suka tayar da tuddan yashi a bakin gaɓa, teku ya ɗan lafa, aka dawo da fitila a watan Janairu na 1950. Mutane suka ɗauka an yi nasara. Ba a daɗe ba zaizaya ta dawo. Wajen 1969 zuwa 1970 sojojin ruwa, waɗanda ke da sansani kusa da wurin, suka gina shingaye uku da suka kutsa cikin teku don su tare yashi. An yi ta zuba yashi daga wani wuri, ruwa yana kwashewa. An jibge buhunan yashi. A farkon shekarun 1980 har ciyawar roba aka dasa a ƙarƙashin ruwa, wai ta rage ƙarfin igiya. Duk da haka, a 1970 tazarar da ta rage mita 37 ce kacal, a 1980 kuma guguwa ta share kufan hasumiyar 1803. Haɗarin ma bai tsaya ga igiyar da ido ke gani ba. Ku tuna katakan Stetson. Idan ruwan gishiri ya kutso ya kori ruwan daɗin da ke ƙasa, ko ruwan ya janye katakan suka sha iska, harsashin zai ruɓe daga ciki, ginin ya karkace ba tare da guguwa ta taɓa shi ba. Wane buhun yashi ne zai hana wannan?

Akwai kuma darasin da aka riga aka gani a wasu wurare. Hasumiyar Henlopen a jihar Delaware ta faɗa teku a watan Afrilu na 1926. Ta tsibirin Morris a Karolina ta Kudu, wadda aka gina a kan tudu, yau tana tsaye a tsakiyar ruwa. A Hatteras ɗin ma, a 1891 an yi ƙoƙarin kafa hasumiya a kan tuddan Diamond, teku ya wargaza aikin tun daga tushe, aka koma amfani da jirgi mai fitila da ake ɗaurewa a wurin.

Na huɗu, shawarar da aka yanke da yadda aka aiwatar. Hukumar da ke kula da wuraren tarihi da shaƙatawa ta Amurka, wadda ginin ke hannunta, ta nemi Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta duba dukan hanyoyin da ake da su. A 1988 kwamitin masana ya ba da rahoto: a matsar da ita. A 1997 wani kwamiti na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ya sake nazari ya tabbatar da haka, Majalisa ta ba da kuɗi. Aka ba kamfanin International Chimney na birnin Buffalo aikin, tare da Expert House Movers, waɗanda suka riga suka matsar da hasumiyar tsibirin Block a 1993 da ta Highland a 1996. Suka yanke duwatsun harsashin kaɗan-kaɗan, duk inda suka cire dutse su sa ƙarfe, har dukan ginin ya koma kan gadon ƙarfe. Jak guda 100 masu aiki da matsin mai suka ɗaga shi a tare, aka ɗora shi kan layin ƙarfe da aka goga wa sabulu don santsi. Wasu jak ɗin suka riƙa tura shi mita ɗaya da rabi a kowane turi, ana kwashe layin da aka wuce ana shimfiɗa shi a gaba, na'urori kuma suna auna ko ya karkata ko ya girgiza. An fara ranar 17 ga Yuni, aka isa ranar 9 ga Yuli, kwana 23, kuɗin aikin duka dala miliyan 11.8. Gidajen masu tsaro biyu da ɗakin ajiyar mai da tankunan ruwa duk an kwashe su, an ajiye kowanne a kusurwa da tazarar da yake da hasumiyar tun asali. Makonni kaɗan bayan haka mahaukaciyar guguwar da aka sa wa suna Dennis ta zo ta yi kwanaki tana dukan wannan gaɓa. Aka sake kunna fitila ranar 13 ga Nuwamba, 1999. A sabon wurin, tazararta da bakin ruwa kimanin mita 490 ce, kusan daidai da yadda take a 1870.

A kan wannan tazara na kafa hujjata. Me Stetson ya gina? Ya gina hasumiya a kan busasshiyar ƙasa, nesa da igiya da tazarar da ta isa ta kare ta, da gidajen ma'aikata kewaye da ita, tana kallon tuddan Diamond. Bai zaɓi wancan gurbin yashi don wata alfarma da ke gare shi ba, ya zaɓe shi ne saboda nisansa da ruwa a lokacin. Da gaɓar ta ja da baya, gurbin ya rasa abin da ya sa aka zaɓe shi. Waɗanda suka matsar da ita sun mayar mata da yanayin da aka gina ta dominsa.

Na biyar, abin da masu suka suke cewa. Ba mutanen banza ba ne. Hugh Morton, wanda ya jagoranci kwamitin ceto hasumiyar tun 1981, ya tara gudunmawa har daga yaran makaranta, kuma ya yi adawa da matsarwa har ƙarshe. Ƙaramar hukumar Dare da wasu masu filaye sun kai ƙara kotun tarayya, kotu ba ta dakatar da aikin ba. Hujjarsu ta farko ita ce ginin bulo mai shekara 129 zai tsage ko ya faɗi a hanya. Wannan tsoro ne mai ma'ana a 1998, kuma aikin da kansa ya amsa shi, ba sai na ƙara komai ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma har yau tana da rai. Suna cewa ginin tarihi ba ya rabuwa da wurinsa, idan ka ɗauke shi ka mayar da shi kayan kallo. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masu adana gine-ginen tarihi suke bi, ta ginu a kan wannan fahimta. Na yarda da ita, kuma na yarda an yi asara: wanda ya san hasumiyar tana tsaye igiya na fashewa a gindinta ba zai sake ganin wannan ba. Amma ita yarjejeniyar ta bar ƙofa, ta halatta matsarwa idan tsirar ginin ta dogara a kan haka. A kan wannan ƙa'ida aka yanka wuraren bautar Abu Simbel na Masar gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka hau da su tudu don kada ruwan madatsar Aswan ya haɗiye su. A Ingila ma, hasumiyar da John Smeaton ya gina a kan dutsen Eddystone a 1759, da dutsen da ke ƙarƙashinta ya fara zaizayewa, an kwance samanta an sake ginawa a birnin Plymouth, inda take har yau. Sannan mu tambayi kanmu, wane wuri ake so a adana? Shirin da injiniyoyin soja suka kawo shi ne a kewaye hasumiyar da katangar kankare. Da an yi haka, gaɓa za ta ci gaba da ja da baya ta dama da hagu, bayan wasu shekaru hasumiyar ta zama tsibiri a cikin ruwa, gindinta mai ado a ɓoye bayan kankare, gidajen masu tsaro sun tafi ko an raba su da ita. Shin wannan ne wurinta na asali? Lambobin taswira ne kawai za su zama na asali, duk sauran abin ya canza.

Hujja ta uku ita ce a ƙara shinge na huɗu, ya fi arha. Matsalar shinge ita ce yashin da ya tare a gefe ɗaya, gefe na biyu ya hana wa. Wanda ya san Legas ya ga wannan da idonsa: tun da aka gina shingayen bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, yashi ya riƙa taruwa ta yamma, Bar Beach da ke gabas kuma ruwa ya yi ta cin ta shekara da shekaru. Saboda irin wannan ne jihar Karolina ta Arewa ta hana gina katangu da shingaye a gaɓar tekunta a 1985. Kuma shinge ba a biyan kuɗinsa sau ɗaya. Kowace babbar guguwa sai an koma gyara, ga shi bai taɓa matsalar katakan ƙasa ba.

Hujja ta huɗu tana zuwa daga wani ɓangaren dabam. Masu ita suna cewa jiragen yau da tauraron ɗan Adam suke gane hanya, don me za a kashe miliyoyi a kan fitilar da ba a bukata? A bar teku ya ɗauki abinsa. Gaskiya ne manyan jirage ba su dogara da ita kamar da. Fitilar dai tana aiki, masunta da masu ƙananan jirage suna amfani da ita, na'ura kuma tana iya mutuwa a tsakiyar ruwa. Amma ba zan fake da wannan ba, domin babban amfaninta a yau na shaida ne. Ita ce abin da ya rage a tsaye da ke nuna yadda wata al'umma ta ɗauki ran matafiyin da ba ta sani ba da muhimmanci, har ta kai bulo sama da miliyan ɗaya tsibirin da babu hanya, ta ajiye mutane suna hawa da sauka kowane dare. Jirgin da ya wuce lafiya ba ya barin labari, ba a rubuta sunansa a ko'ina. Ginin ne kaɗai yake tsaya masa. Ta fuskar kuɗi kuma, gaɓar Hatteras, wadda aka keɓe a 1953 a matsayin gaɓar ƙasa ta farko da gwamnatin tarayya ke karewa, tana karɓar baƙi sama da miliyan biyu a shekara, hasumiyar ce kuma tambarin yankin.

Saura hujja guda da ba ta da cikakkiyar amsa. Suna cewa jinkiri kawai aka saya, teku zai sake isowa. Haka ne. Lissafin da aka yi shi ne sabon wurin zai ba ta kimanin shekara 100, kuma hawan ruwan teku na iya rage wannan. Abin da zan ce shi ne yanzu tana zaune a kan harsashin kankare, an san nauyinta, an san yadda ake ɗaga ta, wanda zai gaji matsalar ya gaji hanyar maganinta. Wasu ma sun bi sawu: a 2015 an matsar da ta Gay Head a Amurka, a 2019 Denmark ta ja hasumiyar Rubjerg Knude baya da mita 70. Ta Orfordness a Ingila kuwa ba a matsar da ita ba, a 2020 aka rushe ta kafin ruwa ya kayar da ita.

Na shida kuma na ƙarshe, ziyara. Hanya ɗaya ce take ratsa tsibirin, babbar hanya mai lamba 12. Mai zuwa daga arewa zai wuce Kitty Hawk, inda 'yan'uwan nan Wright suka tashi jirgin sama a 1903, ya haye doguwar gadar da aka buɗe a 2019, ya bi ta ƙauyen Rodanthe. Ya kamata ya buɗe ido a nan, domin tun 2020 gidaje da dama a bakin ruwan ƙauyen sun rufta cikin teku, hanyar kanta yashi da ruwa sukan rufe ta idan an yi guguwa. Abin da ya kori hasumiyar bai tsaya ba. Shawarata ga mai ziyara ita ce kada ya fara da hasumiyar. Ya fara zuwa tsohon gurbinta a bakin ruwa, ya ga ragowar shingayen da igiya ke duka, ya juya ya kalli faffaɗar hanyar da aka share don jan ginin, wadda har yanzu ana ganinta, sannan ya taka ta da ƙafa. Duwatsun tsohon harsashin an sassaƙa musu sunayen masu tsaron fitilar. Da farko an jera su a da'ira a tsohon gurbin, da yashi ya yi ta binne su aka kwaso su kusa da hasumiyar. Babban gidan masu tsaro ya zama ɗakin nune-nune. A ƙauyen Hatteras, can ƙarshen tsibirin, akwai gidan tarihin jiragen da suka nitse, inda aka ajiye abin da ya saura na gilashin Fresnel, da guraben da ɓarayin tunawa suka bari a jikinsa.

Hawa kuwa matakala 257 ce ta ƙarfe mai murɗawa, daidai da bene mai hawa 12, ciki akwai zafi da ƙarancin iska, don haka mai ciwon zuciya ko na numfashi ya yi wa kansa adalci. A al'ada ana buɗe hawa daga bazara zuwa watan Oktoba, da tikiti, kuma yaro sai tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya. A 2024 an fara babban aikin gyara na kimanin dala miliyan 19, wanda ya haɗa da gyaran bulo da ƙarafa, sabon fenti, da ƙera sabon gilashi a fasalin na Fresnel, aka dakatar da hawa saboda aikin, saboda haka mai niyya ya bincika halin da ake ciki kafin ya kama hanya. Wanda ya samu ya hau, daga barandar sama zai ga gwiwar tsibirin, ya ga inda igiyoyi biyu suke karo a kan tuddan Diamond suna tayar da farin kumfa, ya kuma auna da idonsa siririn yashin da ya raba teku da ruwan baya.

Shugaba, malamai, 'yan'uwa, a nan zan dakata.  Na san a cikinku akwai injiniyoyi da masana tarihi da ba za su yarda da ni a kan hujja ta biyu ko ta ƙarshe ba, kuma ina so in ji daga gare su. Fili naku ne, mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu.